Littattafai Takwas, Kuskure Ɗaya

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ta iya lissafi sosai, har 'yan ajinsu suka laƙaba mata suna Kalkuleta. Matsalarta ɗaya ce, ba ta iya cewa a'a.

Ƙawarta ce ta fara roƙonta ta yi mata aikin gida, wai kanta na ciwo. Kafin wata ya ƙare, littattafan mutum bakwai take kwasowa kullum, ban da nata.

Ran nan ta dawo daga makaranta a gajiye tiɓis. Ta yi wanke-wanke, ta share tsakar gida, sannan ta baje littattafan a kan tabarma.

Tambaya biyu ce. Ta farko, a nemo x idan x + 7 = 15. Ta biyu, a nemo kusurwa ta uku a alwatika mai kusurwa 60 da 70.

Idonta sai lumshewa yake. Maimakon ta cire bakwai, sai ta ƙara, ta rubuta 22. A alwatikar ma ta rubuta 60 a madadin 50. Haka ta kwafe a sauran littattafan, yatsunta na zugi.

Umma ta tambaye ta ko malaminsu ne ya jibga mata wannan aiki ita kaɗai. Ta sunkuyar da kai, ta ce e.

Washegari Malam ya jera littattafan a tebur. Ya cire tabarau, ya murza idonsa.

"Mutum takwas ba sa faɗawa rami ɗaya, sai in igiya ɗaya ce ta ja su," in ji shi.

Ya kira ƙawar tata gaban allo. Ta tsaya riƙe da alli, ba ta san ta ina za ta fara ba, sai hawaye. Kalkuleta ta kasa jurewa. Ta miƙe ta faɗi gaskiya.

Malam ya ba su sifili su duka, ya ce su tsaya bayan an tashi.

"Ke kin gaji, su kuma ba su koyi komai ba," ya ce mata. "To, wa kika taimaka?"

Sai ya miƙa mata allin, ya ce ta koya musu. Ta ce lissafin kamar sikeli ne, abin da ka cire a wannan gefen, sai ka cire shi a wancan. Ƙawar ta gwada sau biyu. A na uku ta rubuta 8 da hannunta, ta juyo tana dariya.

A gida ta ba Umma haƙuri kan ƙaryar da ta yi. Umma ta ja kunnenta kaɗan, ta ce ta je ta huta.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mata littafi sai ta matsa masa wuri ya zauna. Ta gane cewa yi wa mutum aikinsa ba taimako ba ne, taimako shi ne a koya masa ya yi da kansa.