Barcin Zaituna

Abincin kanarin mahaifiyarsa kawai Ƙusai ya shiga saya a wani shagon dabbobi a birnin Irbid na ƙasar Jordan. Sai ya tarar da wata budurwa tana ciniki, ƙadangare mai gemu kwance a kafaɗarta kamar jariri. Ya tsaya sororo, ya rasa wa zai kalla a cikinsu.

"Kai ma kana kiwonsu?" ta tambaye shi.

"Sosai ma. Na daɗe a harkar," in ji shi, alhali ko taɓa ƙadangare bai taɓa yi ba.

"Alhamdulillahi! Sunana Lujain, wannan kuma Zaituna. Namiji ne naka? Miji nake nema mata."

"Namiji ne."

Suka yi musayar lambar waya. Tana fita ya juya wajen mai shago, ya sayi namiji guda, da akwatin gilashi, da fitilar ɗumi, da kwalin gyare. Ya koma gida ba abincin kanari. Ya raɗa wa ƙadangaren suna Basha.

Daga nan saƙonni suka kankama.

"Barka da safiya, Mai Gemu. Ka barbaɗa wa gyaren Basha hodar ƙarfafa ƙashi?"

"Tun ɗazu, Zumata," zai amsa, sannan ya ruga neman hodar.

Soyayyar dai ta gaskiya ce, ƙwarewar ce ta bogi. Kullum yana niyyar faɗa mata, kullum murmushinta sai ya ɗaure masa harshe.

Matsalar ita ce mahaifinta, Abu Hammam, tsohon soja mai gashin baki. Da maganar Ƙusai ta iso kunnensa, ya buga sanda a ƙasa.

"Gyare ya hana ni sakat a gidana, firijina cike da tsutsa, yanzu kuma suruki mai kiwon ƙadangare? Ga Mu'utasim ɗan ƙanina, da shagon maganinsa!"

Da sanyi ya shigo, aka tura Lujain Amman horon aikin jinya. Ta kawo wa Ƙusai Zaituna.

"Baba ya ce ba zai yi gadin ƙadangare ba. Ka riƙe min ita, ka ga sai su saba da Basha. Kai ba sai na yi maka bayanin lokacin sanyi ba."

"Haba, ni fa?" ya ce. Bai san me ake yi lokacin sanyi ba.

Ba a jima ba Zaituna ta daina cin gyare. Ya ba ta tsutsa, ta kau da kai. Ya yanka mata ganye da kabewa, ko kallo. Daga baya ta shige ƙarƙashin itace ta rufe ido, jikinta ya yi sanyi. Basha kuwa yana ta gyaɗa kai yana cin rabonsa da nata.

Kan Ƙusai ya ɗaure tamau. In fitilar ce, me ya sa Basha ke lafiya? In gyaren ne, ai tare suke ci. Ko kewa ce? Ya kunna mata muryar Lujain a waya, shiru. Mahaifiyarsa ta tofa mata addu'a daga nesa, shiru.

Sai ga saƙon Lujain: "Mai Gemu, turo min hoton 'yata."

Bai amsa ba.

"Lafiya? Kwana biyu shiru."

Ya rubuta, ya goge. Tsoro da kunya suka haɗu suka danne shi. Sai ga na ƙarshe:

"Mu'utasim zai zo gaida Baba ranar Juma'a. In ka gaji da ni ne, ka mayar min da Zaituna gida. Na gode da komai."

Ranan Ƙusai ya yi kuka, kukan gaske. Da safe ya naɗe Zaituna a jan rawaninsa, ya nufi gidan su Lujain. Abu Hammam ne ya buɗe ƙofa.

"Kawu, ni ne Ƙusai. Na kashe ta."

"Ka kashe wa?" tsohon ya daka tsawa, ya cakumi kwalarsa.

"Zaituna, Kawu! Zaituna! Ƙarya na yi wa Lujain, ban iya kiwo ba. Saboda ita na fara. Na zo ka yi min duk hukuncin da ka ga dama."

Tsohon ya sake shi. Ya karɓi ƙunshin da hannu biyu, a hankali, ya buɗe. Ya shafa ƙarƙashin gemunta da ɗan yatsa, ya kara ta a kumatunsa.

"Barci take yi, dolo."

"Barci?"

"Barcin sanyi. Sai ta yi wata biyu a haka. Ka bar ta, ka ajiye mata ruwa, shi ke nan."

"To Basha fa?"

"Naka yaro ne, bai kai ba tukuna."

Ƙusai ya ƙura masa ido. "Kawu, ai an ce ba ka son ta."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya waiga ko matarsa na ji. "Bara har rami na haƙa mata a gindin lemo. Ina cikin saka ta, sai ta buɗe ido ɗaya ta harare ni. In ka faɗa wa wani, na karya ka."

"To me ya sa ka ƙi riƙe ta bana?"

"Wa ya ce maka na zaci yarinyar za ta ɗauki maganata da gaske?" Ya juya ciki da Zaituna a ƙirji. "Bara da muka zaci ta mutu, Mu'utasim cewa ya yi a saya wa Lujain wata, wai duk ɗaya ne. Kai kuwa gawa ka ɗauko ka kawo ƙofar soja. Jeka ka kira ta, tun jiya take kuka a waya."

Lujain ta yi fushi, ta yi dariya, ta sake yin fushi. Da yamma saƙo ya shigo:

"Tun ranar farko na gane, Mai Gemu. Ka riƙe kwalin gyare kamar bom. Amma kar ka ƙara yi min shiru."

"Har abada, Zumata."

Da bazara dattawan gidansu Ƙusai suka zo neman aure. Aka zuba wa babban baffansa gahawa, bisa al'ada ya ajiye kofin bai sha ba, sai an ba su amsa. Abu Hammam ya yi ta murza gashin bakinsa har gahawar ta fara hucewa, Ƙusai na zufa. Zaituna, wadda ta farka tuni, tana kwance a kafaɗar tsohon.

"Akwai sharaɗi," ya ce.

Kowa ya zuba masa ido.

"Lujain kam, na ba ku ita. Zaituna ba ta zuwa ko'ina. In Basha na son ta, ya turo manyansa."

Aka fashe da dariya, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki.

"Ku sha gahawarku," in ji Abu Hammam, idonsa ya ciko. "Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a ɗayyiba."

Ƙusai ya ce amin da ƙarfi, bai tsaya tambayar su wa ake nufi ba.