Hannun Da Ya Cinye Farcen

"Auta, zo ki duba wannan."

Yadda Baba ya faɗa ne ya sa na ajiye magagarin da nake goge ƙaho da shi ba shiri. Yana zaune ƙarƙashin fitilar teburinsa, tabarau a kan hanci, yana jujjuya wani farcen kiɗa.

Sana'armu ke nan. Ɗan siririn abin nan da makaɗa ke riƙewa tsakanin yatsu biyu suna kaɗa tsirkiyar jita, shi muke sassaƙawa da ƙaho ko ƙashi, ɗaya bayan ɗaya. Kallo ɗaya na yi na gane na hannunsa. Baƙin ƙaho ne mai jan zane a tsakiya, kwana huɗu na yi ina gogarsa na ba wa Dogo, makaɗin da saura sati shida a ɗaura mana aure.

"A kan benci ya yar da shi jiya. Da wane hannu yaron nan yake kiɗa?"

"Dama mana, Baba."

"To kalli inda ya cinye."

Na karɓa na kara a fitila. Mai kiɗa da dama, gefe ɗaya tsirkiya ke zaizaye masa, kullum shi ne. Wannan kuwa, ɗaya gefen ne ya cinye, har ya yi santsi. Ba aikin kwana biyu ba ne.

"Bahago ne ke amfani da shi," in ji Baba, "ko bahaguwa."

"Baba, ƙila aro ya..."

"Aro na wata uku? Shekara talatin ina yi wa makaɗa aiki, na san halinsu. Tun farko ban so ba, kin nace. In da rufa-rufa a ciki, wallahi ba zan ba shi ke ba."

Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. Mawaƙiyar ƙungiyarsu! Mai dariyar nan kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sau biyu ina ganinta tana rubutu da hagu, kuma ta taɓa ce min tana son koyon jita.

Sai abubuwa suka riƙa dawo min. Ya daina zuwa shago da jitarsa. In na ce zan zo kallon wasansu, sai ya ce an ɗage. Ranar nan da na miƙa masa kofin shayi ya suɓuce ya fashe, ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Tunanin wa?

Na ɗauki mayafina na fita, ko ƙurar ƙahon da ke hannuna ban wanke ba.

Ɗakin da suke gwaji a saman wani shagon ɗinki yake. Tun daga matakala nake jin ana taɓa jita, kiɗan ɗan koyo, a yi biyu a tsaya. Raina ya ƙara ɓaci. Wato koya mata ma yake yi!

Na banka ƙofar.

Shi kaɗai ne. Ya miƙe a firgice, ya jingine jitar a bayan kujera.

"Autata... lafiya?"

"Ina take?"

"Wa?"

"Kar ka raina min hankali! Wadda ka ba wa wannan!" Na jefa masa farcen a ƙirji. "Kwana huɗu na yi a kansa, har yatsana ya yi kanta. Ka rasa abin da za ka ba ta sai shi?"

"Ban ba kowa ba, wallahi. Nemansa nake yi tun jiya."

"Hannun hagu ne ya cinye shi. Ni za ka yi wa ƙarya a kan aikina?"

Ya sunkuya zai ɗauka da dama, farcen ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. A karo na uku ya sa hagu ya ɗauka.

A lokacin idona ya kai kan jitar. An juya tsirkiyoyinta, mai kaurin ta koma inda siririyar take.

"Dogo... me ya sami hannunka?"

Ya zauna kamar an zare masa laka. "Babban yatsan ne. Wata huɗu ke nan ba ya riƙo. Likita ya ce jijiya ce, ƙila ya dawo, ƙila..." Ya haɗiye sauran. "Ƙungiya sun ɗauki wani. Aron ɗakin suke ba ni da rana, ina koyo da hagu. Na ce in na iya kafin aure, ba sai kowa ya sani ba."

"Ba sai kowa ya sani ba? Ni ce kowa?"

"Babanki da hannuna lafiya ma da ƙyar ya yarda, Auta. Tsoro nake ji kar in rasa ki."

Hawaye suka zubo min, na tausayi da na haushi a haɗe. Na kama yatsan na matse da ƙarfi.

"Kana ji?"

"A'a."

"To ni ina ji. Tashi, ɗauki jitarka. Da bakinka za ka faɗa wa Baba."

Baba bai katse shi ba har ya gama. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ciwo na Allah ne," ya ce a ƙarshe. "Ɓoyewar ce taka. Da ka bari 'yata ta shiga gidanka a makance?"

"Na yi kuskure, Baba."

"Baba, don Allah..."

"Ke, yi min shiru. Kai, kaɗa in ji."

Dogo ya rungume jitar a juye. Ya fara, ya kuskure, ya sake. Farcen ya faɗi, ya ɗauka ya ci gaba, gumi na tsattsafo masa a goshi. Mutumin da na taɓa ganin jama'ar ɗaki guda sun miƙe tsaye dominsa, yau ga shi yana lalube. Na juya fuskata bango.

"Ya isa," in ji Baba. "Wannan kiɗan ko kaza ba zai ciyar ba."



Baba ya sa ƙafa ya turo masa kujerar da ke kusa da tawa, ya ɗora magagari a kai.

"Kafin hagun ya nuna, sai ka ci abinci. Yatsu tara sun isa wannan aikin, matarka za ta koya maka. Gobe ƙarfe bakwai, kuma ba na son makara."

Dogo ya kalli magagarin, ya kalli Baba. Ni ce na fashe da kuka a madadinsa.