Auren Mangwaron Malam Halliru

Ranar da Jamil ya fara ganin Khaulat, tana kan rufin cibiyar koyon sana'a ta Wudil tana ɗaure farantin sola, shi kuma yana ƙasa yana ba ƙananan itatuwan da ajinsu ke reno ruwa. Sukurdireba ta suɓuce mata ta faɗa cikin bokitinsa.

"Injiniya, kin kashe min kifi," ya ce yana miƙa mata.

"Kifi a bokitin ban ruwa? Sannu Sarkin Daji."

Sunayen nan kuwa suka bi su, soyayya ta biyo bayan sunayen. Sai dai mahaifinta, Malam Halliru na Sabon Gari, ya ce sam.

"Yaron da ya je makaranta koyon dashen itace? A garinsu Indabo ai ko ɗan yaye ya iya wannan."

Yana faɗin haka ne a gindin tsohon mangwaron da mahaifinsa marigayi ya dasa, wanda gara ta ci har ya fara bushewa. Kowa a gidan ya san yadda bishiyar nan ke ci masa rai.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga Saudatu, maƙwabciyarsu kuma aminiyar Khaulat tun suna Islamiyya, ta shigo fuska a ɗaure.

"Ƙawata, wallahi ban so nuna miki ba, amma ba zan iya cin amanarki ba."

Ta miƙa mata waya. Lambar Jamil ce.

"Saudatu, albishirinki! Auren da na yi a Indabo ya yi kyau, alhamdulillah. Don Allah kada Khaulat ta ji tukuna."

Khaulat ta karanta, ta sake karantawa. Ita da take ta fama da mahaifinta saboda shi, ashe shi ya je ƙauye ya yi aurensa a ɓoye! Ta tura masa saƙo.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Kada ka ƙara nemana."

Ta toshe lambarsa. A cibiya in ya bi ta nan sai ta bi ta can. Ta rame, murmushi ya yi mata wuya. Saudatu kuwa, uwar tausayi, ta tsiri kai wa Jamil zoɓo mai sanyi wurin renon itatuwa, wai tana bin bahasi.

Wata Juma'a bayan la'asar Jamil ya yi sallama a soron gidansu, rungume da ɗan mangwaro a baƙar leda, an naɗe tsakiyarsa tamau. Ya durƙusa gaban Malam Halliru. Khaulat ta laɓe a bayan ƙofa.

"Baba, gindin nan daga gonarmu ne, reshen kuma daga bishiyarka. Aure na yi musu yadda aka koya mana, kuma ya kama. Ko tsohuwar ta mutu, 'ya'yan da ka saba sha su zai haifa."

Malam Halliru ya shafa sabon tohon.

"Wa ya yanko maka reshen?"

"Saudatu na roƙa, Baba. Na so in ba ku mamaki ne."

Khaulat ta dafa bango. Ashe Saudatu da hannunta ta yanko reshen. Ta san ko wane aure ne sarai, ta zo ta zauna tana share mata hawaye. Wannan ya fi saƙon zafi, don saurayi jiya-jiya ta san shi, Saudatu kuwa tare suka tashi.

Da Khaulat ta tare ta, Saudatu ba ta musa ba.

"Kin samu sana'a, kin samu mai sonki. Ni fa?"

Khaulat ta juya kawai. Malam Halliru dai ya sauko, aka sa ranar aurenta da Jamil. Saudatu ba ta zo bikin ba, ba a kuma tambayi dalili ba.

Ranar ɗaurin aure Malam Halliru da kansa ya dasa ɗan mangwaron kusa da tsohuwar bishiyar, ya ce, "Allah ya sa naku ya kama kamar wannan, ya yi muku albarka."

Da mutane suka watse, Khaulat ta harari angonta, idonta da sauran hawaye.

"Sarkin Daji, nan gaba ko mangwaro za ka yi wa aure, ni za ka fara gaya wa."

"Na yi alkawari, Injiniyata. Ke ce ma za ki yanko reshen."