Saurayin Da Ke Lasar Dutse

Ranar da ta fara ganinsa, harshensa na kan dutse.

A shagon mahaifinta ne, inda ake sayar da tayil da duwatsun shimfiɗa. Tana cikin goge tebur, don ba a banza ƙannenta ke ce mata 'Yar Tsafta ba, sai ga wani dogon saurayi da guduma a ƙugu. Ya ɗauki ɓallin dutse daga ƙasa, ya hura, ya lashe. Dutsen da takalman leburori suka wuni suna takawa!

"A'uzubillahi! Malam, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Binciken duwatsu nake yi. In dutse ya jiƙe, ƙwayoyinsa sun fi fitowa. Wannan da yashi ne, ruwa ya kwaso shi ya zube, wani ya hau kan wani, nauyi ya danne su har suka manne. Kin ga layukan nan hawa-hawa?"

"Ni miyau kawai na gani."

Ya yi dariya. Kash, haƙoransa farare tas, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

Ya yi ta zuwa. Ya nuna mata dutsen laka mai ɓarewa kamar shafin littafi, da na tsakuwa manne da juna, da dutsen gishirin da tafki ke bari in ya ƙafe. Farin dutsen da ta fi so kuwa, wai ɓawon matattun halittun ruwa ne suka taru. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Amma da saƙonsa ya shigo, sau uku ta karanta.

"'Yar Tsaftata, sonki bai faɗo mini lokaci guda ba. Kullum sai wani ya kwanta kan na jiya, yanzu ya zama dutse."

Ta mayar masa: "To kar ka lashe shi. Mai Duwatsuna, ka wanke baki kafin ka kira ni."

Ranar da ya zo gaida iyayenta ya kawo mata sarƙa mai ɗan dutse ruwan ƙasa, an goge shi yana sheƙi. Umma ta karɓa ta gwada a wuyanta, har da shafa shi a kumatu don jin santsinsa.

"Wane irin dutse ne wannan, ɗana?"

Da ya yi shiru da ya tsira. Ina! Sai ya gyara zama, fuska cike da alfahari.

"Umma, kashin wani kifi ne na zamanin da. Laka ta binne shi har ya zama dutse. Da hannuna na tono shi, ban taɓa samun abin da ya kai shi daraja ba."

"Ƙashi dai, na jiki?"

"A'a, Umma. Bayan gida."

Umma ta cisge sarƙar ta yi banɗaki da gudu. Kofin da ya sha ruwa da shi a bola ya ƙare. Abba ya raka shi ƙofa ya ce, "Yaro, 'yata ba ta mai kyautar kashi ba ce. Kar ka dawo."

Ita ma ta rubuta masa: "Ka rasa abin ba ni sai wannan? Tir!"

Ya amsa: "Abin da na fi ƙauna na ba wadda na fi ƙauna. Ki yafe mini."

Ta kife wayar. Umma ta shigo da ɗan ƙawarta, Mai Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi sallama. Sai dai hirarsa ba ta wuce motarsa da takalmansa, kuma in leburan shago ya gaishe shi, sai ya toshe hanci da hankici. Wannan ya fi lasar dutse tayar wa 'Yar Tsafta da zuciya.

Wata safiya dillali ya sauke mota guda ta duwatsu, yana rantsuwa na yashi ne, masu jure ruwan sama. Abba na shirin karɓa, Mai Turare na gefe yana kaɗa makulli. Ita kuwa launinsu bai kwanta mata ba. Kafin ta ankara ta ɓalli ɗan guntu, ta kai baki, ta goga a haƙori. Babu gurzar yashi ko kaɗan, sai santsi.

"Abba, na laka ne. Ruwan sama na dukansa zai fara ɓarewa."

Sai a lokacin ta ji ƙasa a harshenta. Ta tofar, ta sake tofarwa, hawaye suka zubo, kuma ba na ƙyama kaɗai ba ne. Mai Turare ya toshe hanci ya fice, bai ƙara waiwayo ba.

Abba ya daɗe yana kallonta, sannan ya girgiza kai.

"Shi ke nan, mai duwatsun nan ya shafa miki. Kira shi, tun kafin ki cinye mini jari."

Umma ta kafa sharaɗi guda: ba zai shigo mata gida ba sai ya kurkure baki a ƙofa, tana kallo. Ya ce ko da sabulun wanki ne ya yarda.

Ranar ɗaurin aure Umma ta ba ango katan guda na buroshi da man goge baki. Da ta zo gyara wa amarya mayafi, sai yatsunta suka taɓo ɗan dutsen sarƙar nan mai santsi a ƙarƙashin riga. Ta janye hannu da sauri, ta yamutsa fuska, ta goge shi a zaninta. Sai kuma ta mayar da hannun, ta ɗora a kan 'yarta.

"Ƙazamai biyu kun haɗu. Allah ya manne ku kamar duwatsun naku, ya ba ku zuri'a mai albarka. Amma jikokina, ni zan riƙa wanke musu baki."