Hayaƙi a Mota Mai Ɗaki

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Laraba aka kira Sufeto Dabo. Yana kan titin Wendover, cunkoso ya riƙe shi, zafin watan Yuli na dukan gilashin motarsa.

"An samu gawa a East Greensboro," in ji mai magana daga ofis. "Matar mamacin ta kasa bayani da Turanci. An ce yarenku ɗaya."

Dabo mutumin Kano ne, shekararsa goma sha ɗaya yana aikin bincike a garin. A ofis ba a ce masa sufeto. Hausawan garin ne suka laƙa masa sunan, ya bi shi.

Gidan ƙarami ne, na haya. A gefensa, kan ciyawar da ta mutu, an ajiye wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki, a dafa abinci, a yi wanka. 'Yan kwana-kwana sun buɗe dukkan tagoginta.

Mamacin na kwance a kan gado can ƙuryar motar, kamar mai barci. Sunansa Tahirou, ɗan Damagaram, shekara hamsin da biyu. Aikin dare yake yi a wani sito, da rana ya kunna janareta don na'urar sanyaya ɗaki, ya kwanta.

"Hayaƙin janareta ne," in ji shugaban 'yan kwana-kwana. "Irin wanda ba ya wari. Ya shigo ta ƙarƙashin gado."

"Babu ƙararrawar gargaɗi a motar?"

Mutumin ya nuna wata 'yar farar na'ura kusa da ƙasa. Dabo ya durƙusa ya ɗaga murfinta. An zare wayar wutarta, an naɗe bakin da salatif.

Matar mamacin, Kouloussoum, tana zaune a matakalar gidan. Kusa da ita akwai buhun wanki guda biyu da jarkokin ruwa huɗu waɗanda ba a shigar da su ba.

Dabo ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya buɗe littafinsa.

"Malama, ƙarfe nawa kika fita?"

"Takwas da rabi. Malam ya dawo daga aiki, ya karya, ya ta da gurup ya kwanta."

"Gurup?"

"Janareta, kamar yadda kuke cewa."

"Ina kika je?"

"Wurin wanki. Injin farko ya haɗiye mini kuɗi bai juya ba, na jira na biyu. Daga nan na je cika tukunyar gas, suka ce mai cikawa bai zo ba. Na je gidan waya in ga ko katin Malam na asibiti ya iso, suka ce an mayar da shi, adireshin bai yi ba. Na sayi ruwa. Bas ta wuce ni, na jira wata. Da na dawo na yi ta bugun ƙofa..."

"Tun yaushe kuke zaune a motar?"

"Shekara uku. Mun yi Columbus, mun yi Memphis, mun yi Atlanta. Duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata, can muke nufa. A filin ajiye motoci muke kwana, mai gadi ya kore mu, mu koma wani. Da muka zo nan, Malam Tassiou ya ce mu ajiye a gidansa sati biyu. Tare suka yi makaranta da Malam."

"Yau wata nawa?"

"Tara."

"Wa ya cire wayar ƙararrawa?"

Ta kalli ƙasa. "Ban sani ba. Haka muka sayi motar."

Dabo ya dubi jarkokin. "Ga gida da famfo, me ya sa kike sayen ruwa a kanti?"

"Famfon waje ya lalace. Sati uku ke nan."

Ya zagaya ya duba famfon da ke jikin bangon gidan. Babu tsatsa, babu yoyo. An dai kwance kansa ne aka cire. Ya kama sandar famfon da filaya ya murɗa, ruwa ya tsarto.

A falo ya samu masu gidan. Tassiou dogo ne, siriri, idanunsa sun yi ja. Matarsa Fassouma tana tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Yaya zamanku da su?" Dabo ya tambaya.

"Lafiya lau," in ji Fassouma da sauri. "Gida ɗaya muke. Ko da wasa ba a taɓa jin kanmu ba."

"Amma ba ta wanki a injinku."

"Ita ce ba ta so. Mai kara ce."

"Malam Tassiou, ina kake da safe?"

"A wurin aiki, yallaɓai. Sito nake, a Wendover. Tun ƙarfe bakwai na fita. Waya aka yi mini na dawo."

"Wa ya cire kan famfon waje?"

"Lalacewa ya yi. Zan sayo wani."

Dabo ya lura hannun Tassiou na dama yana cikin aljihun wando tun da aka fara magana. Da zai tafi ya miƙa masa hannu. Tassiou ya yi jim, sannan ya fito da nasa. Yatsu uku a naɗe da sabon bandeji.

"Me ya same ka?"

"Butar shayi. Jiya."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Dabo.

Da yamma aka ja motar zuwa garejin 'yan sanda.

Washegari da hantsi bakaniken garejin ya kira shi. Da Dabo ya isa, sun ɗaga motar sama, bakaniken ya haska masa ƙarƙashinta da tocila.

"Ka ga bakin salansar janareta? Dubi abin da na zaro."

A kan faranti akwai soson ƙarfe guda uku, irin na wanke tukunya, sun yi baƙi ƙirin.

"Cusa su aka yi, da ƙarfi. Hayaƙin ya rasa hanya. Bututun kuma tsoho ne, ya ci tsatsa, sai ya fashe a nan, daidai ƙarƙashin gado."

"Janaretan na aiki aka cusa, ko a kashe?"

"Yana aiki. Da a kashe yake aka toshe shi haka, da wuya ya tashi. Wanda ya yi kuwa ya ji a jikinsa, don bututun nan ya fi dutsen guga zafi."

Dabo ya koma gidan. Mata sun fara taruwa don gaisuwa, takalma sun cika bakin ƙofa. Ya sa aka kira masa Kouloussoum waje.

"Malama, salatif ɗin da ke kan wayar ƙararrawa sabo ne. Na ga ragowarsa a durowarki ta cokula."

Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ni ce," ta ce. "Ni na cire. Ko albasa na soya sai ta hau ihu. Malam ya kasa barci, mutanen gida su leƙo ta taga. Ran nan Fassouma ta ce ƙarar tana sa mata ciwon kai. Na ji kunya, na zare. Na ce in an kwana biyu zan mayar." Ta dube shi. "Ni na kashe shi, ko?"

"Kin taɓa janaretan?"

"Ko ta da shi ban iya ba."

"Nuna mini hannuwanki."

Ta nuna. Sun yi kaushi da sabulu da ɗaukar jarka, amma babu ƙuna.

"Mijinki ya taɓa cewa za ku tashi daga nan?"

"Kullum. Ya ce in ya canza tayoyin baya. In ya canza, sai batir ya mutu. In an gyara batir, sai tankin ban ɗaki ya toshe. Duk sati sai mun yi tafiyar mil ashirin mu zubar da shi, mu dawo. Ina za mu je, yallaɓai? Ko ɗaki muka nema sai a ce ina adireshinku na baya."

"Tassiou ya taɓa ce muku ku tashi?"

"Shi? Ko sau ɗaya. Kullum cewa yake gidanku ne."

Daga nan Dabo ya wuce siton da Tassiou ke aiki. Manajan ya buɗe masa kwamfuta. Ranar Laraba, Tassiou bai buga katin shiga ba sai ƙarfe goma saura minti takwas. Ranar Talata kuma ya yi aikin ɗaukar kaya har yamma, babu wanda ya ga bandeji a hannunsa.

Dabo ya nemi lambar mai gidan hayar, ya kira shi.

"Takarda uku na rubuta wa Tassiou," in ji mutumin. "Maƙwabta suna ta ƙorafi kan ƙarar injin. Na ce ko motar ta bar mini fili kafin ƙarshen wata, ko shi da iyalinsa su bar mini gida. Ya ce zai yi wa abokinsa magana."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kawo Tassiou ofis. Ɗakin tambayoyi ba shi da taga. Dabo ya karanta masa haƙƙinsa da Turanci, ya maimaita da Hausa. Tassiou ya ce ba ya buƙatar lauya.

Dabo ya ajiye abubuwa uku a kan tebur: hoton soson ƙarfe, takardar shiga aiki, da kwafin wasiƙar mai gida.

"Ka ce ƙarfe bakwai ka fita."

Dabo ya tura masa takardar shiga aiki gabansa.

"Ka ce butar shayi ce, ranar Talata. Likita zai kwance bandejin nan, zai gaya mana ko shatin me ke jiki. Gara in ji daga bakinka."

Tassiou ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ɗora hannun mai ciwon a kan tebur.

"Wallahi ba kashe shi na yi niyya ba."

"Me ka yi niyya?"

"Gurup ɗin nake so ya mutu. Na ce in ya lalace, zafi zai dame su, su da kansu su nemi wani wuri. Na fara da famfo, na cire kansa. Sai ta koma sayen ruwa, ba su ce uffan ba. Na ce wutar gida ba ta ɗaukar motarsu, na zare wayar da suka ja. Sai ya koma ta da gurup kullum. Duk abin da na yi, sai su yi haƙuri, su ce na gode."

"Me ya hana ka ce masa ya tashi?"

Tassiou ya ɗago. "Yallaɓai, kai Bahaushe ne. Mahaifiyarsa ce ta riƙe ni shekara shida a Damagaram da tawa ta rasu. Kwano ɗaya muka ci. Da wane baki zan ce masa ɗauki matarka ka bar mini gida? Sau uku ina zuwa bakin motar da takardar a aljihu. Ya buɗe ƙofa ya ce ɗan'uwa shigo ka sha shayi. In sha, in fito."

"Ranar Laraba fa?"

"Na jira matarsa ta fita. Na ɗauki soson a kicin. Na farko ya faɗo, na sa hannu na tura, bututun ya kama mini yatsu. Na ƙara biyu da sanda. Na tsaya ina jira injin ya mutu. Ya yi tari, ya yi tari, sai ya ci gaba. Na ce to, wannan ma bai yi ba. Na tafi aiki." Ya share fuska. "Ina tsaye a jikin motar ina jin minsharinsa."

"Ka san an cire ƙararrawar?"

"Ban sani ba. Da na sani..."

"Matarka ta sani?"

"Famfon kawai ta sani."

Dabo ya rubuta, ya karanta masa, Tassiou ya sa hannu da hagu. Wani ɗan sanda ya shigo da ankwa. Ya sa masa a hankali saboda ciwon.

A bakin ƙofa Tassiou ya juyo. "Yaushe za a ba da gawar? Ina so in samu jana'iza."

"Ba za ka samu ba," in ji Dabo.

Aka tafi da shi.

Da la'asar Dabo ya je gidan da kansa, don kada labarin ya riga shi. Ya faɗa wa matan biyu a falo. Fassouma ta zube a kan kujera tana salati. Kouloussoum ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta ɗauki mayafinta, ta biyo shi har bakin titi.

"Yallaɓai, yaushe za a ba ni motar?"

"Shaida ce yanzu. Sai an gama shari'a."

"Wata nawa?"

"Zai iya kai shekara."

"Kayana duk suna ciki. Takarduna, tukwanena, har kayan sawa."

"Zan sa a fito miki da abin da za a iya."

Ta waiwaya ta dubi gidan. Ana jin kukan Fassouma daga ciki.

"Mai gidan haya ya ce ko da an ja motar, ita ma ƙarshen wata za ta fita," ta ce. "Ni kuma wata huɗu da kwana goma ne a gabana. A ina zan yi takaba?"

Dabo ya zaro katinsa, ya rubuta lambar limamin masallaci da ta wani gidan saukar mata marasa matsuguni. Ya san gidan a cike yake tun farkon bazara, amma ya rubuta.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode.

Ya shiga mota ya tayar. Ta tsaya a bakin titin har ya kai kwana. Sannan ta juya, ta hau matakala, ta koma cikin gidan mutumin da ya kashe mata miji.