Baƙin da Ya Ƙi Fita

Ranar da ta fara shiga shagonsa, Marini yana tsaye a kan tukunyar rini yana juya wandon wani da sanda. Ta ajiye wata doguwar farar ɗamara a kan tebur ta ce, "Rawaya nake so."

"Akuya za a ɗaure?"

"Ta wasan kareti ce. Na ci jarrabawar farko. A wurinmu ba a sayen sabuwa, ita ɗin ake rinawa duk sanda mutum ya hau mataki."

Ya ɗago ya dube ta. Wandon mutane ya kusa dahuwa a tukunya ranar.

Shekara huɗu ɗamarar nan tana zuwa tana komawa. Da rawaya ta ce masa rana ce ta fito wa wanda bai san komai ba. Da kore ta ce iri ya tsiro, da shuɗi kuma tsiron ya miƙa sama. Kafin a kai ruwan ƙasa, launin abin da ya nuna, soyayyarsu ma ta nuna. Yana kiranta Zakanya, tana kiransa Shuɗina saboda shuɗin faratansa da ba ya fita.

A gidan su Zakanya kam ba a yi murna ba. Mama ta ce ita ba ta ga abin so a hannun da ko tuwo ya taɓa sai ya sake kala ba. Baffa, ƙanen marigayi mahaifinta, wanda shi ke riƙe da zauren horo, ya fi son ta auri Babban Ɗalibinsa. Da ƙyar da siɗin goshi Mama ta ce to, ya turo manyansa bayan jarrabawar baƙar ɗamara.

Saura kwana tara Zakanya ta shigo da wata tsohuwar ɗamara, ta shimfiɗa a tebur.

"Ta Baba ce. Ita Mama za ta ɗaura mini in na ci."

Wayarta ta yi ƙara, Baffa ne yana faɗan ta makara. Ta kwasa da gudu ta manta da ita.

Marini ya juya ɗamarar. Wai baƙa ce, amma ta koɗe ta koma toka-toka, wurin ƙulli kuwa fari fat, zare duk ya tashi. Zakanyarsa za ta tsaya gaban jama'a da wannan, shi kuwa yana da rai? Ai duk abin da ta bari a teburin nan rinawa yake yi. Sau uku ya tsoma ta. Ya shanya a inuwa, ya goge, ya naɗe a takarda, ya tafi gidansu yana ta murmushi shi kaɗai.

Mama ta buɗe takardar. Ta bi ɗamarar da yatsa daga baki zuwa baki tana neman wani abu.

"Ina farin?"

"Na gyara, Mama. Ba zai sake fitowa ba."

Zakanya ta dafe kai ta zauna a ƙasa. "Shuɗina, me ka yi? Baƙar ɗamara in ta koɗe, ita ce darajar. Gwani ne ya zagayo ya koma kamar mai koyo. Shekara talatin Baba yana ɗaura ta kafin ta yi haka."

Mama ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ya fi masa sauƙi. "Bai bar mini gida ba, bai bar mini mota ba. Wurin da hannunsa ya goge ya bar mini, kullum nakan taɓa." Ta miƙo masa. "Ka dawo da ita yadda take. In ba haka ba kada manyanka su wahalar da ƙafarsu."

A jikin allon shagonsa an rubuta, "Baƙinmu ba ya zuba." Bai taɓa tsanar gaskiya irin ta ranar ba. Ya yanko ƙyallaye ya rina su da baƙin nan, ya shiga gwaji. Ruwan zafi, gishiri, lemon tsami, omo, babu abin da ya motsa. Bilic kuwa sai ya mai da ƙyalle ja, in ya jima ya cinye zaren. Fatar hannunsa ta fara salewa. Masu kaya suka yi ta zuwa suna komawa, abinci ya fita ransa.

Ya rubuta mata: "Zakanya, ko zagina ne ki yi, shirun nan zai kashe ni. Wallahi so ne ya sa ni, jahilci ya ƙarasa ni."

Sai washegari amsa ta zo: "Na san ba mugunta ba ce. Amma Mama ba ta ci abinci ba, ni kuma in na rufe ido Baba nake gani. Ban iya zaɓa tsakaninku ba. Ka yi mini addu'a."

Saura kwana biyu Babban Ɗalibi ya leƙo shagon, hannu a aljihu.

"Kai ma da wahalar da kai. Ka goga mata bilic a wurin ƙulli, ka bi da dutse. Tsohuwa ce, ina za ta gane?"

Bayan tafiyarsa Marini ya buɗe kwalbar bilic, ya shimfiɗa ɗamarar. In ya dace, ya sami mata da ƙarya. In ya kuskure, ɗamarar ta tsinke, ya kashe marigayi sau biyu. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya rufe kwalbar, ya zauna a kan bokiti ya yi kuka kamar ba namiji ba.

Ranar jarrabawa zaure ya cika. Ya raɓe a bayan ƙofa inda ake tara takalma. Yana gani aka kayar da Zakanya sau biyu, sau biyu tana tashi, leɓenta yana jini. Da Baffa ya ce ta ci, wurin ya ɗauki tafi. Baffa ya ciro sabuwar ɗamara ta kanti a leda ya miƙa wa Mama.

Marini ya tsallake takalman ya durƙusa a gabanta.

"Mama, ban iya ba. Babu abin da ban gwada ba. Da na so da na yi miki farin jabu, amma wannan ba farinsa ba ne. Ga amanarki. Laifina ne, ba nata ba."

Mama ta dubi hannuwansa, duk sun sale sun yi ja. Ta dubi ledar Baffa. Sai ta karɓi ta mijinta, ba don ta huce ba, don dai ba ta iya ɗaura wa 'yarta ta kanti.

Ta zagaya ƙugun yarinyar sau biyu ta ƙulla. Bakunan ɗamarar suka tsaya ƙyam, baƙi wuluk a kan fararen kaya. Mama ta ja da baya ta kama baki.

"Haka take," ta ce a hankali. "Ranar da ya zo gaishe da mahaifina daga wurin jarrabawa yake, ya ƙi cirewa don a gani. Haka take, baƙa ƙirin. Na riƙe tsufansa na manta ƙuruciyarsa."

Baffa ya juya baya yana gyaran murya. Babban Ɗalibi ya sami abin kallo a rufin zaure.

Mama ta share ido ta dubi Marini. "Tashi. Ka ce babu abin da ke mai da ita fara?"

"Sai ɗaurawa, Mama. Kullum."

"To shekara talatin ke gabanku. Ita ta ɗaura, kai ka tsaya mata. In ka sake kai ta kusa da tukunya, ni da kai ne."

"Ko kallon tukunya ba za ta yi ba."

Zakanya ta yi dariya da fasasshen leɓe, hawaye yana zuba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baffa ne waliyyi, kuma kyautar da ya ba ango farar ɗamara ce, ya ce wanda bai san komai ba daga nan yake farawa. Da za a tafi da amarya Mama ta haɗa hannun 'yarta da shuɗin hannun nan da ta taɓa ƙi, ta riƙe su gam.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Allah Ya sa ku ga farinta tare."