Uwar Aro

Ranar Juma'a da Bernard ya dawo daga coci, ya tarar da kejin Sahel a rufe da sakata, amma babu Sahel. Karya ce irin ta Buzaye mai dogayen ƙafafu, wadda Turawa ke kira Azawak, da wuya a ga irinta a Dubai. Shekara uku yana kula da ita a gidan wata Baturiya a Jumaira, kuma yawancin ranaku ita kaɗai yake yi wa Hausa.

Madam ba ta ɗaga murya ba. "Na ba ka zuwa Lahadi," ta ce. "In ba ta dawo ba, sai 'yan sanda, kuma zan soke maka biza."

Bernard ya durƙusa ya duba yashin tsakar gida. Ba a ja ta ba, da ƙafarta ta tafi. Sahel kuwa ba ta bin baƙo ko da nama a hannunsa.

Ya fara da Salmanu direba, mutumin Kano.

"Malam Salmanu, ina kake da hantsi?"

"Masallaci na shirya wa, mutumina. Ni da alwala da farar jallabiya zan rungumi kare? Ita ma ba ta san da zamana ba."

Gaskiya ne, ko kallonsa ba ta yi. Clara mai girki kuwa kujera ɗaya suka zauna da Bernard a coci. Amma ta ce, "Abokinka fa? Tun da safe ya buga min waya yana tambaya ko ka fita."

Edwin ke nan, ɗan garinsu daga Zonkwa, mai haɗa kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Shi kaɗai ke ziyartar Bernard, kuma Sahel ta saba da hannunsa.

Bernard ya zauna bakin kejin ya daɗe. A watan jiya Edwin ya tambaye shi yadda ake gane mai kiwon karnuka na kirki. Shi kuma, da murnar samun mai sauraro, ya zayyana masa komai: mai saye na gari yakan nemi katin rigakafi, ya duba makwanci, sannan ba ya karɓar kwikwiyo sai ya ga uwarsa da idonsa.

Ya ari wayar Clara mai intanet ya bi shafukan talla. Ga shi nan: 'yan kwikwiyon Azawak, Bur Dubai, a zo a ga uwarsu. Clara ce ta kira da Turanci, aka ba ta kwatance.

Washegari ya haye kogi a ƙaramin jirgin ruwa na abra, ya hau bene na huɗu. Edwin ne ya buɗe ƙofa. Kafin ya ce uffan, Sahel ta tsinke ta dafe ƙirjin Bernard. A kwali akwai 'yan kwikwiyo huɗu, ko tsayuwa ba su iya sosai ba. Wasu mata da miji Larabawa na durƙushe kansu.

Bernard ya kwantar da karyar, ya nuna wa Larabawan cikinta. Nonuwan a bushe suke, ba ta taɓa haihuwa ba. Suka dubi juna, suka fita.

"Aro na yi, ɗan'uwa," in ji Edwin. "Gobe zan mayar da ita. Ta jirgin kaya aka kawo 'yan kwikwiyon, uwarsu tana can wata ƙasa. Duk wanda ya zo sai ya ce ina uwa, ina uwa. Kai ka koya min!"

"Na koya maka don a kare su."

"Khalas, shi ke nan, ɗauki karyarka. Ka ce a titi ka tsince ta. Wa zai sani?"

Bernard ya san hakan zai yiwu. Aikinsa zai tsira, abokinsa ma haka. Ya sa yatsa a bakin ƙaramin cikin 'yan kwikwiyon, ya ji dasashin da sanyi. Kwana biyu ba zai kai ba a ɗakin nan, kuma in waɗannan sun sayu, za a sake raba wasu da uwarsu.

"Idan ka kai ƙara, korata za a yi daga ƙasar nan," Edwin ya ce. "Wa ya rage maka a garin nan?"

"Babu kowa," in ji Bernard.

Ya sa ɗan kwikwiyon cikin rigarsa don ya ji ɗumi, ya danna lambar Madam.